Bindigar kaka da aka tsinta a silin a Obalende

Wani matashi mazaunin Obalende ne ya aiko da tambayar. Ga ta a taƙaice: "Baba, muna gyaran rufin gidanmu na gado kafin damina, sai kafinta ya ciro wata doguwar bindiga daga cikin silin, a naɗe da buhu da tsumma mai maiƙo, tare da harsasai kamar 20 a gwangwanin madara. Manya sun ce ta kakanmu ce da ya yi yaƙin Bama. Ina ganin Turawa a YouTube suna harba irinta don nishaɗi. Zan iya yankar mata lasisi in ajiye ta don tarihi? Za ta tashi kuwa? In za ta tashi, ina zan je in gwada ta?"

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ya kai haske kabarinsa. Kafin mu shiga zance, in har yanzu bindigar nan tana yawo a hannun samarin gida ana ɗaukar hoto da ita, tashi ka karɓe ta. Ka kwantar da ita a ɗakin da kai kaɗai ke riƙe da makullinsa, bakinta na kallon bango mai kauri, kada kowa ya taɓa kunama ko ya ja sakata, gwangwanin harsasan kuma ya zauna a wani wuri daban mai sanyi. Hoto ko ɗaya kada ya hau Facebook ko WhatsApp. Kafintan ma a roƙe shi ya kama bakinsa na kwana biyu, ba don za a ɓoye abin ba, sai don gara hukuma ta ji daga bakinku da ta ji daga bakin unguwa.

Na yi shekara 35 a aikin ɗamara, fiye da rabinsu a ɗakin makamai, kuma irin wannan bindigar ita na fara kwancewa da hannuna. Ina sonta har gobe. Don haka ba da daɗin rai zan gaya maka ba, amma lasisin da kake nema ba za ka same shi ba.

Dokar makamai ta 1959, wadda ake aiki da ita har yau, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na toka, su adaka da harba-ka-ruga, waɗanda maganarsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Akwai waɗanda mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu da bindigar iska. Sai kuma haramtattu, waɗanda ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa da kansa. A jerin haramtattun nan an ambaci bindigogin soja da girman harsashinsu ƙarara: milimita 7.62, da milimita 9, da inci .300, da inci .303. Taku, in dai kwatancen da ka yi daidai ne, .303 ce. Hukuncin wanda aka kama da irinta ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba, kuma dokar ba ta ce ban da wadda ta tsufa ba, ba ta ce ban da ta gado ba. Wasu kan ce to a cire sakatar a jefar, a rataye gangar jikin a falo. Wannan ma bai fisshe ka ba, domin a fassarar dokar kowane sashe na bindiga bindiga ne, haka kowane sashe na harsashi. Akwai wani sassauci na kwana 14 da aka yi wa magada bayan rasuwar mai bindiga, amma ya shafi wadda mamacin ke da lasisinta ne, kuma kwana 14 ɗinku sun wuce tun ba a haife ka ba. Ko lasisin bindigar farautar ma, a watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabo. Duk wanda ya zo maka da zancen ya san wani oga da zai fitar maka da takarda a kan kuɗi kaza, takardar banza zai sayar maka, ranar da abu ya ɓaci kuma wayarsa a kashe za ka same ta.

Su Turawan da kake kallo, a ƙasarsu suke, da dokarsu. A Amurka bayan yaƙin duniya na biyu an yi ta shigo da rarar bindigogin soja ana sayarwa a kanti da araha, a Ingila kuma sai da takardar 'yan sanda da akwatin ƙarfe na ajiya da dalili mai ƙarfi, kamar zama ɗan ƙungiyar harbi. Kallo ya halatta gare ka, kwaikwayo ne zai ɗora maka Dala ba gammo.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke kwance a ɗakin naka, don ya kamata ka san shi kafin ya bar gidan.

Sunanta Lee-Enfield. Lee sunan mutumin da ya ƙirƙiro tsarin sakatarta da gidan harsashinta ne, James Paris Lee, Enfield kuma unguwar da masana'antar makaman gwamnatin Ingila take a arewacin Landan. Iri biyu ne suka fi yawa a ƙasar nan. Ta farko ita ce wadda sojan Ingila ya karɓa a 1907, za ka gane ta da katakon da ya rufe bututu har baki, hancinta a dakushe kamar an datse shi. Ta biyu ita ce lamba 4, da ta shiga hannun soja a 1941, wadda bututunta ya ɗan leƙo gaba da katako, ma'aunin saitinta kuma ɗan rami ne a baya kusa da ido. Ita ce mutanenmu ke kira Mak Fo, ko da yake asalin sunan lamba 4 ne ba Mak 4 ba, amma sunan da bariki ya raɗa ba ya goguwa. Nauyinta ya ɗan haura kilo 4, tana cin harsashi 10, ana ɗura mata su biyar-biyar daga sama da ɗan maƙalin ƙarfe.

Ba sai ka ɗaga ta ba, haska tocila kawai ka karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen. A Mak Fo rubutun yana gefen hagu. In ka ga ROF da F, a Fazakerley aka ƙera ta kusa da Libaful. M47C na kamfanin BSA ne. Long Branch daga Kanada take. In ka ga an rubuta U.S. PROPERTY, kamfanin Savage ne ya yi ta a Amurka aka ba Ingila aro lokacin yaƙi. A tsohuwar mai dakusasshen hanci kuwa rubutun yana dama, ƙarƙashin hannun sakata, da kambin sarauta da shekara, masu GRI kuma daga Ishapore ta Indiya suke. Ɗan zanen kibiya mai ƙafa uku da za ka gani nan da can, alamar kayan gwamnatin Ingila ce.

Shekarar nan ita za ta raba gardama. Ba ƙaryata manya nake ba, amma soja ba ya tafiya gida da bindigarsa. Ranar sallama ana ƙirga ta a mayar ɗakin makamai kafin a ba mutum littafinsa da kuɗinsa. In ka ga shekarar ta wuce 1945, ko ka ga an rubuta Mk 2, wadda ba a fara ta ba sai 1949, to wannan bindigar ba ta taɓa ganin dajin Bama ba, ta wata hanya ta shigo gidan. Mak Fo ta daɗe a hannun 'yan sanda bayan soja sun koma kan masu sarrafa kansu, kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa makamai a wuraren da ba a zata ba. Wannan ma wani dalili ne na kada ka riƙe ta: ba ka san lambarta tana cikin wane tsohon littafin ɓatattun makamai ba, kada allura ta tono garma.

Ko ma dai ba ita kakanka ya riƙe ba, irinta ya riƙe. Bama da ake faɗa ta yaƙin Hitila ce, ba ta Borno ba, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma. Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma ne suka je can tsakanin 1943 da 1945, suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a watan Janairun 1945. Hausa ce harshen bariki a lokacin, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Kai da ke Legas kana wuce sunayen nan kullum ba ka lura ba: barikin Dodan da ke maƙwabtaka da ku, barikin Arakan a Apapa, barikin Myhoung a Yaba, duk wuraren yaƙin Bama ne. Ita kanta Obalende da sojojin Hausawa da iyalansu ta girma zamanin Turawa, kuma asalin sojan Najeriya ana kai shi ne ga 'yan Hausawan nan da Glover ya tara a Legas a 1863.

Sai tambayarka ta biyu, ko za ta tashi. Za ta iya tashi, kuma abin tsoron ke nan. Ƙarfen bindigogin nan ba na wasa ba ne. Masu sintirin yankin ƙanƙara na Kanada sun riƙe lamba 4 har wajen 2018 kafin a sauya musu. Amma tasu ana duba ta ana shafa mata mai, taku kuwa ta yi shekaru a ƙarƙashin kwano a garin da iskarsa ke ɗauke da gishirin teku, rana ta gasa, damina ta jiƙa. Na sha karɓar bindigar da waje ke sheƙi, in ɗaga bututun ga haske in ga duhu. Wani lokaci tsatsa ce ta cinye zanen murɗen da ke juya harsashi, wani lokaci zanzaro ne ya shiga ya yi gininsa na laka a tsakiya, ya bushe ya zama kamar siminti. Lokacin da harsashin .303 ya tashi, matsin da ke cikin mazauninsa ya ninka na tayar mota fiye da sau 1,000. In hanya a toshe take, ƙarfin nan sai ya nemi wata mafita, kuma fuskar mai harbi ce mafi kusa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani, wato 'yar tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi. Da ma'auni na musamman muke gwada ta, shi ya sa kan sakatar Mak Fo yake da lamba daga 0 zuwa 3, in tazara ta buɗe a sauya da mai tsawo. In ta yi yawa kwanso yakan tsage gida biyu, iskar wuta ta feso baya. Sannan ka duba ko lambar da ke hannun sakata ta yi daidai da ta jikin bindigar, don an sha haɗa gangar wannan da sakatar waccan. In kuwa ka ga harafin DP a ƙarfe ko a katako, wani lokaci da farin fenti zagaye da ita, ma'anarsa an yanke mata hukuncin fareti kawai, masu ita da kansu sun ce kada a ƙara harba ta.

Harsasan da ke gwangwani sun fi bindigar ba ni tsoro. Na zamanin nan ba garin albarushi ne a ciki ba, wasu siraran tsinkaye ne kamar taliya, masu launin ƙasa-ƙasa, ana ce musu kodayit. Zafi da shekaru suna lalata su, su lalata ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso. Sakamakon shi ne harsashin da za a danna ya yi shiru, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko uku ya tashi. Na ga wannan da idona wata safiya a filin harbi, an fito da ragowar tsofaffin harsasai don a ƙarar da su. Wani kurtu yana kwance a layi na uku ya danna, aka ji ƙyas, ba ƙara. Ya ɗago kai, ya fara karkato bindigar zai juyo ya tambaya. Sajan da ke tsaye a kansa bai yi magana ba, takalminsa kawai ya ɗora a kan katakon ya danne ta ƙasa, sai ga ta ta tashi, ƙura ta turnuƙe taku kaɗan a gabansu. Mutum 11 ne a kwance a layin nan. Yaron ya kasa tashi sai da aka ɗaga shi, wandonsa a jiƙe. Tun daga ranar, duk wanda na koyar, in bindiga ta yi shiru sai ya ƙirga 30 bakinta na kallon gaba kafin ya taɓa sakata.

Saboda haka kada a jefa su a wuta, kada a zuba su a bola inda 'yan gwangwan za su tsinta su kai wa mai narka tagulla, kada a wurga su a lagun ko a kwata. Mutanen Legas da suka ga 27 ga Janairun 2002, ranar da rumbun makaman barikin Ikeja ya kama, mutane fiye da 1,000 suka rasu, akasarinsu a magudanar Oke-Afa garin gudu, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan tsohon makami. Harsashi 20 ba bam ba ne, ba za su tashi gida ba, amma ɗaya ya isa ya cire idon yaro.

Na san abin da ke cin ranka shi ne yadda ake ji in an harba ta, to bari in ba ka a baki. Kana kwance rubda ciki, gwiwar hannu a ƙasa, gindinta mai farantin ƙarfe a cikin tsokar kafaɗa, ba a kan ƙashi ba. Wanda ya riƙe ta sako-sako don tsoro shi take wa dukan kawo wuƙa, ya kwana uku yana sallah da kafaɗa a karkace. Kunamarta hawa biyu ce: ka ja ta zo da sauƙi ta tsaya, ka riƙe numfashi, ka ƙara matsawa kaɗan. Ƙarar ba irin tas-tas ɗin AK ba ce, wata dum ce mai nauyi da kake ji har a haƙori, sai warin kodayit mai ɗaci ya biyo baya. Harsashin yana barin baki da gudun mita 740 da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya sa masana ke yabonta shi ne sakatar. Ɗagawarta gajeriya ce, hannunta yana daidai bayan kunama, tana ɗana kanta ne lokacin turawa gaba, don haka ƙwararre yakan ja ya mayar ba tare da ya ɗauke kunci daga katako ba. Sojan Ingila kafin yaƙin 1914 ana bukatar ya harba harsashi 15 a kan allo cikin minti ɗaya daga yadi 300. Tana da halinta kuma: kwanson .303 yana da leɓe a gindi, in ka jera su leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa, sai ta cije a daidai lokacin da kake bukatarta.

Bayan harbi aiki ke farawa. Ƙyastun tsofaffin harsasai yana barin wani gishiri a cikin bututu wanda mai ba ya narkar da shi, sai ruwa. Mukan tafasa ruwa a garwa, a sa mazurari a ɗura ta baya har bututun ya yi zafin da zai busar da kansa, sannan a ciro igiya da 'yar kwalbar mai ta tagulla daga ramin da ke gindin katako, a ja ƙyallen fulanel da muke kira fo-bai-tu har ya fito fari. Wanda ya yi kasala ya bar ta ta kwana, a iskar Legas, da safe zai tarar da jan tsatsa, ya tarar da sajan.

To ina za ka gwada ta? Babu. Ma'aunin saitin Mak Fo ya kai yadi 1,300, na tsohuwar ya kai 2,000, harsashin kuma in an ɗaga baki yana kai kusan kilomita 3 da sauran ƙarfin kisa. Tsaya a Obalende ka auna kilomita 3 ta kowace fuska ka gaya min inda babu mutum. Bakin teku akwai masunta, dajin Epe da Ikorodu akwai gonaki da ƙauyuka, kafin ma ka isa can shingen bincike nawa za ka wuce da ita a but?

Hanyar fita ɗaya ce, kuma a bi ta da tsari. Kada ka saɓa ta a buhu ka hau keke ko danfo ka ce za ka kai caji ofis, domin in an tare ka a hanya ba mai sauraron niyyarka. Ka sami lauya yau ko gobe. Ya rubuta wa DPO na yankinku, da kwafi ga kwamishinan 'yan sanda a Ikeja, ya bayyana ranar da aka tsinta, inda aka tsinta, wanda ya tsinta, lambar bindigar da adadin harsasan, ya nemi su zo su ɗauka. A karɓi kwafin wasiƙar da hatimin an karɓa. Ranar da za su zo, babban gidan ya kasance, lauyan ya kasance, in da hali da wakilin Sarkin Hausawan unguwa ko limami a matsayin shaida. Su za su buɗe sakata su tabbatar ba komai a ciki, ba kai ba. Kada su fita sai sun ba da takardar karɓa mai ɗauke da lambar bindigar da sunan jami'in da ya karɓa, a yi mata kwafi uku a raba wa manyan gida. Za a yi muku tambayoyi, wataƙila a kira kafintan ya ba da jawabi, ku amsa da gaskiya ba ƙari. Tun 2021 akwai cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, irin waɗannan makaman can suke ƙarewa, galibi a lalata su. Lauya zai iya roƙa a cikin wasiƙar cewa in shekarunta sun nuna ta tarihi ce a miƙa ta gidan tarihin yaƙi na Umuahia da sunan kakanku. Roƙo ne, kada ka ɗora rai a kai.

In kuma harbin ne ya shiga ranka, ka nemi hukumar wasan harbi ta ƙasa ka fara da bindigar iska ta mita 10, a hannun masu izini. Kada ka raina ta: tsakiyar allonta ɗigo ne na rabin milimita, kuma numfashi da riƙo da jan kunama da za ka koya a can su ne dai na Mak Fo. Ranar da Allah ya kai ka Ingila, akwai filin Bisley da ake harbi a cikinsa tun 1890, har yau masu sha'awar Lee-Enfield suna taruwa a can, a Afirka ta Kudu ma akwai filayen da baƙo ke harbi da mai koyarwa a gefensa.

Abin da nake so ka nema a gidan shi ne adakar kakarku. Ka duba ƙasan zannuwa ko akwai littafin sallamarsa, lambarsa ta soja za ta fara da NA. Ka duba lambobin yabo, musamman tauraro mai tsini shida da ƙyalle ja a tsakiya, gefensa shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, shi ne tauraron Bama. Waɗannan ba mai karɓe su daga hannunka. Ka zaunar da tsoffin gidan ka ɗauki muryarsu a waya, su faɗi bataliyarsa da garin da aka ɗauke shi da shekarar da ya dawo. In ka samo lambar da sunan bataliyar ka aiko min, daga nan za mu gane ko Kaladan ya bi da runduna ta 81 ko kuwa yana cikin ta 82.